BAƘO A HAIKALIN MABIYA BUDA: DARASI DOMIN MATAFIYA DA IYAYENSU



Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata tambaya wadda a dā ba mai tsammanin za a yi ta a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa. Yanzu kuwa ana yin ta. 'Ya'yanmu, ko da yake ba su da yawa, sun fara bin 'yan kasuwar Kano da Funtuwa zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin domin saro kaya. Wasu suna zuwa Bankok, wasu kuma karatu ya kai su Indiya ko Maleshiya. Ana nan sai hoto ya faɗo cikin wayar gida: ga yaro tsaye ba takalmi, bayansa kuwa ga wani ƙaton mutum-mutumi mai ruwan zinariya. Sai hankalin iyaye ya tashi, su garzaya wurin katikis suna tambaya ko ɗansu ya bar hanya. Ba tambayar wasa ba ce, musamman ga gidan da kakanninsa suka rabu da tsafi da kyar, suka sha gori a kan haka. Saboda haka za mu duba mu ga mene ne wannan haikali, me ake yi a cikinsa, ina kuma iyakar Kirista in ya shiga.

WAƊANDA SUKA RIGA MU ZUWA

Kada mu ɗauka yaran yau ne farkon 'yan ƙasar nan da suka ga haikalin Buda. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun kwashi dubban samari daga Afirka ta Yamma, da yawansu 'yan Arewa, suka kai su ƙasar Bama domin yaƙi da Japan. Ba Bama ta Barno muke nufi ba, wadda ake kira Miyanma a yau. Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya ta wancan zamani. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan wajen ƙarshen 1943, runduna ta 82 ta biyo baya a 1944, wasu bataliyoyin Nijeriya kuma suka yi yaƙi cikin dakarun da ake kira Chindit. A 1944 ɗin nan ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda bai daɗe da hawa gadon sarauta ba, ya tafi har can ya gano su. Wanda ya san barikin Chindit a Zariya, ko Kalapanzin a Kaduna, ko Arakan a Apapa, to sunayen wancan yaƙi yake ji.

A watan Janairu 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu suka ci wani gari mai suna Myohaung, wato "tsohon birni". Sunansa na asali Mrauk-U. An kafa shi a 1430, ya kuma zama babban birnin masarautar Arakan fiye da shekara 350. Tuddansa cike suke da haikalai. Akwai wanda Sarki Min Bin ya gina wajen 1535, ana ce masa Shitthaung, wato dubu tamanin, saboda yawan siffofin da aka ce yana ɗauke da su. Ɗansa da ya gaje shi ya gina nasa ya sa masa suna dubu casa'in. Ashe gasar ɗa da uba ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. Ginin dutse ne mai kaurin bango, da lunguna masu duhu da sanyi, siffofi a jere dama da hagu. A tsakanin waɗannan gine-gine ne manoman gero da dawa daga ƙasarmu suka ratsa, da bindiga a kafaɗa. Sun shiga a matsayin mayaƙa, ba wanda ya zaunar da su ya bayyana musu abin da suke gani. Jikokinsu suna shiga a matsayin baƙi, kuma baƙo yana da wajibin da soja ba shi da shi, wato ya san gidan wa ya shiga.

WANE NE BUDA?

Buda ba suna ba ne, laƙabi ne, ma'anarsa "wanda ya farka". Sunan mutumin Siddhartha Gautama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen shekara ɗari biyar kafin haihuwar Ubangijinmu. Ɗan sarauta ne. Labarin mabiyansa ya ce mahaifinsa ya tsare shi cikin daula don kada ya ga wahala, amma da ya fita gari sai ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya kuma ga wani mai zuhudu. Yana ɗan shekara 29 ya bar fada da mata da ɗa. Shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa bai sami abin da yake nema ba, har ya zauna a gindin wata bishiya a wurin da ake kira Bodh Gaya a Indiya, inda suka ce ya sami wayewa. Ya yi shekara 45 yana koyarwa, ya rasu yana da 80.

Koyarwarsa ta tsaya a kan gaskiya huɗu. Rayuwa tana tattare da wahala, domin ba abin da yake dawwama. Tushen wahalar nan ƙishirwar zuciya ce, wato kwaɗayi da manne wa abin da zai wuce. Ana iya kashe wannan ƙishirwa. Akwai kuma hanyar kashe ta, mai rassa takwas, waɗanda suka haɗa da gyaran magana, da gyaran sana'a, da tsare hankali. Sun gaskata cewa mutum yana mutuwa yana sake haihuwa gwargwadon aikinsa, har ran da ya kuɓuta daga wannan kewayi. Kuɓutar nan ita ce Nibbana, kalmar da take nufin mutuwar wuta. Talakan mai bi yana riƙe da dokoki biyar: kada ya kashe mai rai, kada ya yi sata, ko zina, ko ƙarya, kada kuma ya sha abin maye. Duk wanda ya haddace Dokoki Goma zai ji kamar ya san muryar.

Amma a lura da abin da babu. Buda bai ce shi Allah ne ba, bai kuma koyar da Mahalicci wanda ya yi sama da ƙasa ba. A nan hanyarmu da tasu suka rabu tun daga tushe.

ABIN DA MATAFIYI ZAI TARAR

Mu bar manyan haikalan da motocin 'yan yawon buɗe ido suke cikawa, irin Wat Pho na Bankok mai siffar Buda a kwance tsawon mita 46. Mu ɗauki ƙaramin haikali na unguwa ko na ƙauye a Tailan ko Siri Lanka, da hantsi, bayan masu kawo abinci sun watse.

Abu na farko da ido zai gani shi ne tsabta. Fili ne kewaye da katanga, an share shi tas, har ana ganin sawun tsintsiya a kan rairayi. Shara tana cikin aikin yau da kullum na 'yan zuhudunsu. Sau da yawa akwai babbar bishiya a gefe, an yi mata dakali. Ita ce irin wadda Buda ya zauna a gindinta, kuma 'yar'uwar duruminmu ce da cediya da gamji, duk dangin ɓaure. Ganyenta ya yi kama da na durumi, sai dai yana da dogon tsini, da iska ta ɗan kaɗa sai ka ji yana raɗa. A birnin Anuradhapura na Siri Lanka akwai wata da aka dasa daga reshen ta asali fiye da shekara 2,200 da suka wuce, tana nan da ranta ana kula da ita.

Sai wani gini mai kama da ƙararrawa da aka kife, ko rumbu mai tsini. Ba a shiga cikinsa, ba shi ma da ƙofa. Ana ajiye wani abu na tunawa a cikinsa, ƙashi ko toka ko rubutu, masu bi kuma suna kewaya shi, suna barinsa a hannun dama. Daga nan sai babban ɗaki. Ba kujeru, ba benci, tabarma ce ko daɓe mai sanyi. A can ƙurya ga siffar Buda a zaune, ido a runtse rabi, sau da yawa hannun dama yana taɓa ƙasa. A gabanta akwai furanni, da fitila ko kyandir, da turaren wuta. Malamansu suna cewa furen yana tuna wa mai kawo shi cewa shi ma zai yi yaushi kamar yadda furen zai yi kafin gobe.

Abin da yakan ba ɗan ƙasarmu mamaki shi ne rashin amo. Ba lasifika tana kira, ba ganga, ba mai wa'azi. Wata tsohuwa za ta shigo, ta durƙusa, ta kai goshi ƙasa sau uku, ta zauna shiru, ta tashi ta tafi, ba ta ce wa kowa uffan ba. Sau ukun nan na Buda ne, da koyarwarsa, da jama'ar 'yan zuhudu. In iska ta motsa sai ƙananan ƙararrawa da aka rataya a bakin rufi su yi ƙara kaɗan, shi ke nan. Mu da muka saba auna ibada da ƙarfin murya, zaman minti goma a wurin yakan yi mana kamar shekara.

'Yan zuhudun suna aske kai ƙwal, suna yafa mayafi mai launin ruwan goro. Dokokinsu a waɗannan ƙasashe 227 ne. Da asuba suna fita a jere da ƙoƙo a hannu, ba takalmi. Ɗan Arewa zai ce ai bara ce, amma akwai bambanci: ba sa roƙo, ba sa kira a ƙofar gida, tsayawa kawai suke yi, mai bayarwa kuwa shi yake ganin an yi masa alheri da aka karɓa. Rana tana yin tsaka sun rufe cin abinci sai gobe.

A ƙasar Sin abin ya sha bamban. A haikalin Guangxiao ko na Liurong a Guangzhou, matafiyi zai ga siffofi iri iri, da hayaƙin turare mai yawa, da mutane suna roƙon lafiya ko cin jarrabawa ko kasuwa. A can da yawa suna dogara ga taimakon wasu da suke kira Amitabha da Guanyin. Saboda haka kada a ce duk mabiya Buda abu ɗaya suke yi.

LADABIN SHIGA

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa, inda ba a taka tabarmar dattijo da takalmi. A Tailan da Siri Lanka da Miyanma a tuɓe takalmi. A Miyanma har da safa, tun daga ƙofar fili. A rufe kafaɗa da gwiwa, a cire hula. In an zauna kada a miƙe ƙafa wajen siffar ko wajen ɗan zuhudu, domin a wurinsu tafin ƙafa shi ne mafi ƙasƙanci a jiki. Mace ba ta taɓa ɗan zuhudu, ba ta kuma miƙa masa abu hannu da hannu. A Siri Lanka juya wa siffar baya domin ɗaukar hoto cin mutunci ne, kuma hukuma ba ta wasa da shi. A Sin ba a taka dokin ƙofa, tsallakewa ake yi. A rage murya, a kashe ƙarar waya.

INA IYAKAR KIRISTA?

Hausawa suna cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Karin maganar tana da gaskiya a kan takalmi da hula. Ba ta da gaskiya a kan sujada.

Shiga kanta ba zunubi ba ce. Manzo Bulus ya zaga wuraren ibadar Atina yana dubawa da kyau, har ya karanta rubutun da yake jikin wani bagade, daga nan ya ɗauko wa'azinsa (Ayyukan Manzanni 17). A ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da takardar da ake kira Nostra Aetate, wadda ta ambaci addinin Buda da sunansa. Ta yaba masa a kan ya gane cewa wannan duniya mai sauyawa ba ta isa ta ƙosar da zuciyar mutum ba. Ta koyar cewa Ikkilisiya ba ta ƙin duk abin da yake na gaskiya da tsarki a cikin sauran addinai, amma wajibinta ne ta ci gaba da shelar Kristi. Ɗan ƙasarmu ne ma, Kadinal Francis Arinze, ya shugabanci ofishin Batikan mai kula da hulɗa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002, kuma a zamaninsa, a 1995, aka fara aika wa mabiya Buda saƙon gaisuwa a babban bikinsu na Vesakh. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci shugaban 'yan zuhudun Tailan a haikalin Ratchabophit a 1984. Paparoma Francis shi ma ya ziyarci wannan haikali a Nuwamba 2019, ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa. Ba wanda ya fita daga cikinsu da ragin bangaskiya.

Mu Katolika kuma ya kamata mu fi kowa jinkiri wajen kiran ɗakin ibadar wani "gidan gunki". Sau nawa maƙwabta suka leƙo majami'armu, suka ga siffar Uwargida Maryamu da kyandir a gabanta, suka yanke hukunci cewa gumaka muke bauta wa? Mun san zafin wannan, mun kuma san ba haka abin yake ba. Wanda ya sha wannan gori bai kamata ya yi gaggawar ɗora wa wani ba tun bai tambaya ba. Magana kuma tana da nauyi. Wasu kalmomi da Paparoma Yohanna Bulus ya rubuta a kan addinin Buda cikin wani littafi a 1994 sun ɓata wa shugabanninsu na Siri Lanka rai, har suka ƙi halartar taron ganawa da shi a Kolombo a Janairu 1995.

Duk da haka akwai iyaka, kuma a fili take. Girmamawa daban, sujada daban. Kirista yana iya tsayawa ko zama cikin natsuwa, yana iya sunkuyar da kai ya gai da ɗan zuhudu kamar yadda zai gai da kowane babba. Amma ba ya kai goshi ƙasa gaban siffa, ba ya miƙa mata fure ko turare, ba ya maimaita kalmomin neman mafaka ga Buda, domin waɗannan su ne shahadar addininsu. In an miƙo masa turare, sai ya haɗa hannu ya yi godiya ya ƙi cikin ladabi; masu gidan sun saba da haka. A wasu haikalan akwai gwangwanin tsinke da ake girgizawa domin sanin abin da zai faru gobe. Wannan duba ne, ko da an yi shi da wasa. Akwai kuma ƙananan siffofi da ake ratayawa a wuya domin tsari ko farin jinin kasuwa. Laya ce, kuma layar da ta hau jirgin sama ba ta fi ta bokan ƙauye tsarki ba. Kuɗin tikiti ko ɗan abin da baƙo zai saka domin gyaran wuri ba laifi, muddin ba da nufin sayen lada ba ne.

Game da zaman shiru irin nasu, wanda wasu haikalai suke koya wa baƙi, ofishin koyarwar bangaskiya na Batikan ya yi gargaɗi a wata wasiƙa ta Oktoba 1989. Ana iya amfana da abin da yake kwantar da jiki da hankali, amma addu'ar Kirista ba dabara ba ce, ganawa ce da Uba ta wurin Ɗa cikin Ruhu Mai Tsarki. Su suna yin shiru domin wutar sha'awa ta mutu. Mu muna yin shiru domin akwai Mai magana, kamar yadda Iliya ya gane a dutsen Horeb bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce.

Saura hoton nan da ya tayar da hankalin gida. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa abin da ya halatta ga mai sani yana iya zama tuntuɓe ga ɗan'uwa mai raunin lamiri (1 Korintiyawa 8). Tsohuwar da ta ga an fasa tukunyar tsafin gidansu da idonta ba ta karanta Nostra Aetate ba. Ɗanta bai yi zunubi da shiga ba, amma in zai aiko hoto, ya aiko da bayani, ko kuwa ya bari sai ya dawo su zauna. Iyaye kuma su tambaya kafin su yi hukunci.

SHIRU IRI BIYU

Kada natsuwar haikali ta ruɗe mu har mu ɗauka mun sami ƙasar da ba a zubar da jini. Mu mutanen wannan yanki mun san shiru iri biyu ne. Akwai na zuciyar da ta kwanta, akwai kuma irin wanda ya sauka a kan ƙauyukan Faskari da Sabuwa da mutane suka gudu suka bari saboda 'yan bindiga, ko wanda ya rufe makarantar kimiyya ta Ƙanƙara bayan daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300.

Ƙasar Arakan da kakanninmu suka yi yaƙi a cikinta, wadda ake kira Rakhine yanzu, ta san shiru na biyun. Daga watan Agusta 2017 sojojin Miyanma suka ƙone ƙauyukan Musulmin Rohingya, mutum fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash. Akwai 'yan zuhudun da suka yi shekaru suna hura wutar ƙiyayya da wa'azinsu, ga su kuwa masu dokar hana kashe ko da sauro. Akwai kuma waɗansu, kamar na wani gidan zuhudu a garin Meiktila, da suka buɗe ƙofa suka ɓoye ɗaruruwan Musulmi a rikicin 2013, masu neman jininsu suna tsaye a waje. Mayafinsu iri ɗaya ne. Paparoma Francis ya gana da majalisar manyan 'yan zuhudun ƙasar a Yangon a ƙarshen Nuwamba 2017, bayan kwana biyu kuma ya sadu da wasu 'yan gudun hijirar Rohingya a Dhaka, ya roƙe su gafara saboda halin ko-in-kula da duniya ta nuna musu.

Shi kansa Mrauk-U yaƙi ya sake komawa cikinsa. Bayan juyin mulkin soja na 2021 faɗa ya bazu a ƙasar, a watan Fabrairu 2024 kuma mayaƙan Arakan suka ƙwace garin daga hannun sojojin gwamnati, shekara 79 bayan shigar samarinmu. Tsohon sunansa, Myohaung, shi aka sa wa wani barikin soja a Yaba, cikin Legas.